Jumare Mai Buga Atamfa

Shekara goma sha tara Malam Jumare na Likoro ya yi a gaban injin buga atamfa a wata masaƙa a Kaduna. Yana saurayi ya tafi, ya bar wa ƙannensa gonar audugar mahaifinsu. A zamanin nan har Nijar da Chadi da Kamaru ake lodin kayan masaƙarsu, 'yan sari na kwana a layi.

Sai yadin ƙetare ya fara kwararowa, mai arha kamar banza. Yau a ce an hana shigo da shi, gobe a ce an buɗe. 'Yan sarin maƙwabta suka ɗauke ƙafa. Aka soke aikin dare, aka soke na yamma, ran wata Litinin ma'aikata suka tarar da kwaɗo a ƙofa. Jumare ya kwashi iyalinsa ya koma gida da kunne ɗaya da ƙarar inji ta kashe. Damina biyu ya shuka auduga, ba ta yi daraja ba, ya haƙura ya koma masara da dawa.

Bara da 'yarsa Mukarrama ta haihu, ya hau acaɓa zuwa kasuwar Makarfi ya sayo mata turmin fitar suna. A rumfar wani Bilya idonsa ya faɗa kan wata atamfa mai ganyen kuɓewa kore. Ya ɗauko ta. Ya san zanen nan, sau nawa ya wuce ta hannunsa. Har sunan masaƙarsu na nan a bakin yadin.

Bilya ya ce, "Baba, 'yar Kaduna ce."

Jumare ya murza ta da yatsa biyu, ya ji santsin leda. Ya ce, "Ɗana, wannan ba ta taɓa ganin Kaduna ba."

Bilya ya sunkuyar da kai, ya ce haka ake kawo musu daga Kano, su ma na Kanon daga jirgin ruwa suke karɓa. Jumare ya zaga kasuwar kaf yana neman ta gida, har la'asar bai samu ba. Ya dawo wurin Bilya ya ce a naɗe masa mai ganyen kuɓewar.

Ranar suna Mukarrama ta ɗaura, mata suka yi ta yaba kyan zanen. Shi kuwa yana zaure yana amsa barka, bai gaya wa kowa ba.