Ranar da kawuna ya kashe kukan motata

Shekarun baya, a wani lokaci da ba a shiga hanyar Kaura zuwa Shinkafi sai a bayan motar sojoji saboda 'yan bindiga, ina da wata tsohuwar mota 'yar Kwatano. Agogon da ke ƙirga tafiyarta ya tsaya tun kafin ta zo hannuna, don haka ba wanda ya san iyakar ƙasar da ta ci. Amma tana kai ni aiki tana dawo da ni, kuma na san kukanta kamar yadda na san tarin mahaifiyata daga bayan katanga.

Wata rana ta fara wani kuka da ban saba ji ba, siriri, kamar injin niƙa a unguwa ta gaba. Ya fi fitowa a giya ta huɗu. Yana ƙaruwa idan na taka totur, yana ɗaukewa da zarar na taka kuloci. Bayan mako biyu wani abu ya biyo baya: in na ɗaga ƙafa daga totur, sai giyar ta fice da kanta ta koma firi. A gidan rediyo nake aiki, sauraro ne abincina, saboda haka na zauna na rubuta duk wannan a takarda, har da cewa abin ya fi tsanani idan mota ta yi zafi.

Bakanikena kawuna ne, ƙanin mahaifiyata, garejinsa na bayan tashar jirgin ƙasa. A gidanmu ba a kai mota wani wuri. Sau ɗaya na taɓa gwadawa, don canjin birki kawai, labarin ya riga ni zuwa gida. Inna, mahaifiyata, ta tambaye ni ko na fara raina dangin uwata ne. Tun daga ranar na shiga hankalina.

Na durƙusa na gaishe shi, na miƙa masa takardar. Bai karanta ba. Ya ce ɗan rediyo ya kawo masa labaran duniya, ya zaro sandar auna baƙin mai, ya goge ta da takardar. Sannan muka fita gwaji. Ya tuƙa ta cikin gari, tsakanin babura da keke napep, yana ɗaga wa mutane hannu, bai wuce giya ta biyu ba har muka dawo. Na ce masa ai a ta huɗu abin yake. Ya ce tun ina cikin zanen goyo yake kwance mota. Salansa ce, bututun hayaƙi, in ji shi, ya ɗaure ta da waya. Zuwa na biyu ya ce taya ce, ya mai da na gaba baya. Kukan bai fasa ba.

Zuwa na uku na yi masa bayani dalla-dalla. Ƙanwata ta haihu a Shinkafi, ranar Alhamis za a yi suna, zan kai Inna. Ya san yadda rakiyar take: motoci su jeru tun da safe, sojoji a gaba, a tafi a guje, kuma ba a jiran kowa. Na ce idan aikin ya fi ƙarfin kwana biyu ya faɗa mini, mu bi motar haya. Ya ce in bar masa ita.

Ranar Laraba na karɓe ta, kukan ya ɗauke. Na fita bayan gari na sa ta huɗu, ba kuka. Sandar giya ta yi ɗan nauyi a hannu, amma ta zauna daram. Ni da nake taƙama da kunne, na koma na yi masa godiya, har na ji kunyar zargin da na yi masa a zuciya.

Ranar Alhamis mun yi nisa daga Kaura, mun shiga inda gonaki suka zama daji don masu su sun gudu, sai na ji ƙauri. Giya ta fice. Na mayar, ta sake ficewa. Wani abu ya yi gurnani a ƙarƙashin ƙafafuna, daga nan ta huɗu ta ƙi shiga, ta uku ma ta ƙi. Ta biyu kaɗai ta karɓa, ita ma sai na danne sandar da hannu. Motocin baya suka riƙa wuce mu ɗaya bayan ɗaya, wasu da hon, wasu fasinjojin na waiwayenmu. Ban ga laifinsu ba, ko ni ne ba zan tsaya ba. Cikin ɗan lokaci hanya ta zama tamu mu biyu, muna tafiyar da mai keke zai iya cim mana.

Can gaba babura uku suka fito daga wata hanyar daji, kowane da goyo. Inna ba ta yi salati da ƙarfi ba. Ta miƙa hannu ta ɗauke katin aikina daga gaban mota, ta ƙulle shi a bakin zaninta.

"In sun tsai da mu, kada ka yi masu Hausar rediyo," in ji ta. "Ka ce direba kake, an ɗauko ka."

Suka iso, suka wuce. Mutanen ƙauye ne, na tsakiyar ya ɗauko wata tsohuwa marar lafiya, an ɗaure ta da zane a bayansa. Haka muka ja jiki har shingen sojoji na gaba. Mun iso Shinkafi an riga an raɗa suna, an yanka rago.

Mijin ƙanwata ya kira wani bakanike na can. Mutumin ya saurari bayanina har ƙarshe, abin da ban saba ba, sannan ya shiga ƙarƙashi ya kwance notin man giya. Abin da ya fito ba mai ba ne. Wani baƙin abu ne mai kauri kamar kunun da ya kwana. Ya murza a yatsa, ya nuna mini: dusar katako ce aka kwaɓa da giris. Ya ce tun farko boris ɗaya ne, zoben ƙarfen da sanda ke juyawa a cikinsa, ya cinye a cikin giyar, shi ne ke kukan, kuma da an sauke an canza shi da magana ta ƙare. Dusar tana toshe kuka na kwana ɗaya ko biyu, sannan ta hana mai zagayawa, komai ya ƙone. Ya tambaye ni ko jiya na sayi motar, domin wannan aiki ne da ake yi wa baƙo ranar ciniki. Na ce a'a. Ban iya gaya masa wanda ya yi ba.

Da muka dawo Kaura na zuba abin a gwangwani na kai wa kawu, Inna na biye da ni. Na gaishe shi yadda na saba, na ajiye gwangwanin a gabansa. Ya leƙa, bai musa ba.

"Kai ka ce kuka ya hana ka sakat," in ji shi. "Da ka karɓe ta, akwai kuka?"

Ya ƙara da cewa sai an aika Gusau a nemo boris ɗin, kuma ba zai buɗe baki ya ce wa ɗan 'yar'uwarsa ba zai iya gamawa kafin Alhamis ba. Wato ya gwammace mu tsaya a dajin nan da a ji ya ce "ba zan iya ba". Maganganu sun cika mini baki, amma kawu ne, a gaban uwata. Ita ta yi magana.

"Ni ce cikin motar ga," ta ce masa. "Ka sani, ko ba ka sani ba?"

Ya sunkuyar da kai yana juya sifana. Ta juyo ta ce mini daga yau in kai motata inda ake jin magana.

Har yau in na tuna raina na ɓaci, kuma rabin fushin da kaina nake yi. Na san abin da na ji, na rubuta shi daidai, amma na bar kunya ta rufe mini baki sau uku, sannan na yi murna da shirun da ya kamata ya tsorata ni. Tsohuwar mota ba ta da hanyar gaya maka ciwonta sai kuka. Yanzu duk bakaniken da ya ce ya gyara, sai ya ɗora mini abin da ya cire a tafin hannu.

Kawu bai taɓa ba da haƙuri ba, ni ma ban fasa durƙusa masa ba. Duk sallah in na je gaisuwa sai ya tambaye ni yaya mota. Amsata ɗaya ce: "Tana kuka, Kawu. Alhamdu lillahi."