Sunan da Ke Bayan Ambulan

A ofishinmu na ƙungiyar manoman masara a Funtua, kwamfutoci ba sa fita intanet kai tsaye. Akwai wata na'ura a ɗakin ajiya, kusa da buhunan iri, ana ce mata firoksi. Kai dai ka rubuta sunan shafin da kake so, ita za ta je ta ɗauko maka. Wanda ya haɗa ta abokina ne tun muna firamare a Malumfashi, shi ne ma babban abokin ango ranar aurena.

Na taɓa tambayarsa, kamar da wasa, ko yana ganin abin da muke yi. Ya yi dariya ya ce, "Haba mutumina, ai komai a kulle yake wucewa. Ko ni ba na iya buɗewa."

Gaskiya ya faɗa, amma rabinta. Abin kamar ka ba direban motar Danja wasiƙa ne a tasha: ba zai yage ambulan ba, amma dole ya karanta sunan da ke baya, in ba haka ba ina zai kai? Wannan ne ya ɓoye mini, ni kuma da yake na ji abin da nake son ji, ban tona ba.

Lokacin shekara shida da aurena, babu haihuwa. Matata ta sha jiƙo, ta sha rubutu, ta sha habaici a gidajen suna. Ni kuwa na je Zariya a ɓoye aka gwada ni, likita ya ce matsalar tawa ce. Ban gaya wa kowa ba, har ita. Don kada ta gani a wayata, sai na riƙa shiga shafin wani asibitin rashin haihuwa na maza a kwamfutar ofis, in an fita cin abinci. Sunan shafin kaɗai ya gama tona ni.

Abokina ya gani a jerin sunayen da na'urar ke ajiyewa. Teburinsa taku biyar ne daga nawa, amma bai zo wurina ba. Matarsa ya je ya gaya wa.

Wata Laraba na dawo gida na tarar da ƙullin magani a kan tabarma. Matata na tsintar shinkafa, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Matar abokinka ce ta kawo, Malam. Ta ce na maza ne."

Na fita zaure na kira shi a waya. Ya ce wallahi taimako ya yi niyya. Na kashe wayar. Har yau in na tuna dariyar nan tasa, sai zuciyata ta tafasa, kuma gaisuwa ce kawai ta rage tsakaninmu.

Da na koma ciki na buɗe baki zan fara zaginsa, matata ta katse ni.

"Tun yaushe ka sani?"

"Wata takwas."

Ta ajiye tiren, ta dubi kwalbar jiƙon da ke gindin randa.

"Ko da safiyar nan," ta ce, "kana zaune kana kallo na sha."