Taken da Aka Sace Mana a Ruwais

Ni mutum ne mai zargi, kuma tun ina saurayi haka nake. In mai kawo ɗinki ya yabe ni fiye da kima, sai in fara tunanin me yake nema. Wannan hali ne ya raba ni da wani dattijo a Jidda, a shekarun da talabijin ta fara shiga gidaje.

Shagon ɗinkina yana Ruwais, unguwar da aka haife ni. In an yi la'asar, benci biyun da ke ƙofar shagon kan cika da masu son badujala, wato ganguna da begila na yaran kashshafa, ƴan sikawut ɗin makarantu. Kowace shekara ana tara su a fili su gwada, alƙalai su fitar da gwani. Abokan hamayyarmu ƴan unguwar Bagdadiyya ne. Sau biyu a jere suna kayar da mu, kuma har gobe ban yarda da alƙalan nan ba.

Musu ba ya ƙarewa a bencin. Akwai wani direba da ya zo daga Kano, kullum yana rantsuwa babu badujala irin ta ƴan dokan garinsu, wai in suka buga har tukwane rawa suke a gidaje. Ba wanda ya taɓa zuwa Kano a cikinmu, don haka ya samu fili. Sai kuma dattijon, Bahaushen Sudan ne daga Madani, wanda ya yi busa a soja yana matashi. Lokacin da na san shi farrash ne a wani ofis a Bagdadiyya, yana shara yana dafa shayi. Ba ya yawan magana. In an matsa masa ya kwatanta na da da na yanzu, sai ya ce yaran yanzu huhu gare su, kunne ne babu.

Shi muka roƙa ya tsara wa yaranmu sabon take, ya kuwa tsara. A wani hoshi, wato fili mai dogon bango, kusa da teku yake koya musu, ƙofa a rufe, don al'adar ita ce ba a barin bare ya ji sabon take kafin ranar gasa. Ban da shi da malamin yaran, ni kaɗai ke shiga, saboda ni ke auna musu kayan fareti. Taken ya shiga raina ƙwarai.

Ranar gasa ƙuri'a ta ba ƴan Bagdadiyya farawa. Suna ɗaga begila, sai ga takenmu. Na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Da yaranmu suka fito bayansu da abu iri ɗaya, su aka yi wa kallon ɓarayi, har ana yi musu ihu. Na waiwaya in ga dattijon, sai na gan shi yana girgiza kai yana ɗan murmushi.

Ruwa ba ya tsami banza. Malamin ɗan unguwa ne, yaran ba sa taka Bagdadiyya. Wa ke zuwa can kowace safiya? Kwana uku na yi ina zuba wannan tambaya a kunnen duk wanda ya zauna a bencin, ban kama suna ba, na bar su suka kama da kansu. Rana ta huɗu dattijon ya zo ya zauna a wurinsa, aka miƙa masa shayi, ba wanda ya tanka masa. Na tsayar da keken ɗinki na ce, "Ya ammi, baffa, da ɗan gari akan ci gari. Kai ka kai musu takenmu."

Ya dube ni, ya shanye shayinsa, ya ajiye kofin a hankali. "Halas," in ji shi, wato shi ke nan. Ya tashi ya tafi, direban ya gyara zama a wurinsa.

Bayan kamar wata biyu wani mutum ya zo karɓar taguwarsa. Ta uku ke nan da na ɗinka masa a shekarar, kuma mai son zama ne ya jira a gama a gabansa. Yana gwadawa ya yi dariya ya tambaye ni wane take zan yi musu baɗi. Da ya ga ban gane ba, sai ya gaya mini shi ne mai koya wa yaran Bagdadiyya busa, taguwa ɗaya yake buƙata, sauran biyun don ya gama haddace taken da nake yi da fito ne. In ina taka keke fito nake yi ban sani ba. Uwata ta sha marina a kan haka, tana cewa kiran shaiɗanu ne.

Kunya ta kama ni, amma hali zanen dutse. Kafin dare na shawo kan kaina cewa dattijon ne ya turo shi don ya wanke kansa. Washegari na rufe shago na tafi Bagdadiyya in kama shi da hujja.

Na tarar da shi yana ɗauraye kofuna a bayan ofishin. Na kwashe labarin na gaya masa, ina lura da fuskarsa. Bai yi mamaki ba. Ya goge hannu, ya rera ƙarshen taken da baki, ya haura sama ya riƙe. Sannan ya ce in yi nawa. Na yi, sai na ji kaina ina gangarowa ƙasa a daidai wurin. Haka ƴan Bagdadiyya suka busa shi a fili.

"Tun ranar na sani," in ji shi. "Da ni na ba su, ya waladi, ɗana, da sun busa shi daidai."

Na ba shi haƙuri, da gaske nake. Na roƙe shi ya dawo bencin. Ya tambaye ni ko na gaya wa jama'a, na ce tukuna. Ya ce a gabansu na faɗi maganar farko, in na faɗi ta biyu a gabansu in aiko masa. Ya koma kan kofunansa.

Duk hanya ina tsara yadda zan fara. Na iso bayan la'asar, benci ya cika, ana tsakiyar zancen dattijon, wani yana cewa shi dama bai taɓa yarda da shirunsa ba. Direban ya ɗago ya tambaye ni daga ina haka da shago a rufe. Na dubi fuskokinsu, mutanen da ni na koya musu wannan zance da bakina.

Na ce zare na je saye.