Zaren da Lukuman Tela Ya Ja

Maganar da ake yawo da ita a unguwar Rikkos ta Jos, wai Lukuman tela ya auri aljana, kuma ta gindaya masa sharaɗin kada zare ya taɓa ƙasan shagonsa, ƙarya ce tsagwaronta. Wasu ma sun ƙara mata gishiri, wai ran Laraba take zuwa duba aiki, a keke napep. Ni taubashinsa ne, uwarsa da ubana ciki ɗaya, na san shi tun yana yawo ba wando. Mutum ma da ƙyar ya yarda ya aure shi, balle aljana. Matarsa ɗaya ce, Suwaiba, ita ma haƙuri ne kawai yake riƙe da ita. Gaskiya ne yana share shago sau goma a rana (to, a ce sau huɗu), kuma akwai gwangwanin madara a gefen keken ɗinkinsa da yake jefa duk guntun zaren da ya yanke. Amma dalilin kyanwa ce.

An haifi Lukuman a nan Rikkos, a gidan da kakansa ya gina da ya baro Kazaure ya zo haƙar kuza. Makaranta bai yi nisa ba, ni ma ban fi shi ba. Yana ɗan shekara goma sha biyar aka kai shi koyon ɗinki, nan kuwa kansa ya buɗe. Idan ya ɗinka maka riga, ko tumbinka ya kai tukunyar biki sai ya ɓoye shi. Aibinsa ɗaya, kuma na teloli ne duka: ba ya iya ganin zare yana reto ya ƙyale. Kana tsaka da ba shi labari zai miƙo hannu ya cizge shi daga wuyan rigarka. Ya taɓa yi wa liman haka a sahun jana'iza.

Mahaifiyarsa, Inna Balaraba, da ta tsufa ta tsinci wata 'yar kyanwa a bakin kwata, baƙa mai sheƙin toka, ta sa mata suna Kuza. Tare suke cin abinci, tare suke shan hantsi idan sanyin Jos ya matsa. Da ciwon ajali ya kama ta, ba ta yi masa wasiyyar gida ko akwati ba, sai cewa ta yi, "Lukumanu, ga Kuza nan." Bayan addu'ar bakwai kyanwar ta bi shi shago da ƙafarta, ta haye buhun ƙyallaye, ta mai da shi gadonta har shekara shida. Idan shago ya yi shiru yakan ce mata, "Inna, yau ba ciniki," sai ya waiga ko wani ya ji. Idan kuma masu jiran kaya sun fara tsaki, sai ya warware zare yana ja a ƙasa, ita tana tsalle tana cafka, kowa ya mance da fushinsa.

Shekara biyu ke nan, saura kwana goma ƙaramar Sallah, kaya sun kai rufi, Kuza ta yi amai a kan shaddar wani Alhaji. Lukuman ya goge, ya ce ta nuna ra'ayinta ne a kan launin. Washegari ta sake, har sau uku, kuma ta ƙi kifin da ya saya mata. Masu zaman shago, da ma azumi ya hana su aikin komai sai ba da shawara, kowa ya zama likita. Wannan ya ce gashin jikinta ne da take lasa, wancan ya ce ciyawa ta ci. Wani ya rantse ɓera mai guba ta kama, a ɗura mata manja. Aka ɗura mata manja, ta dawo da shi a kan takalmin mai shawarar.

Rana ta uku Baba Pam ya zo daga Kabong karɓar wandonsa. Dattijo ne da ya yi ritaya daga aikin kula da dabbobi, yana da karnuka biyu a gida, kuma shekara ashirin ba wanda yake yi masa ɗinki sai Lukuman. Ya tsaya yana kallon Kuza ta duƙunƙune a kan buhu.

"Oga Tela, kyanwa nan bai da lafiya fa."

"Gashi ne, Baba. Ta saba."

"Na gashi sau ɗaya ne, ya fita, ya koma cin abinci. Kwana nawa bai ci ba?"

"Uku."

"Ka canza masa abinci? Ya ci ƙashi? Ka ga tsutsa a aman?" Duk Lukuman ya ce a'a. Baba Pam ya dubi ƙasan shagon, inda zare ya yi shimfiɗa kala-kala. "To ni tsoro na ya haɗiye wani abu. Ka kai shi asibitin dabbobi yau, ba gobe ba. Kuma ko me ka gani, kar ka taɓa."

Lukuman ya ɗaga kai ya dubi riguna arba'in da ke rataye, kowace da mai ita, kowane mai ita da bakinsa. Ya ce jibi, in Allah ya yarda, da ya rage aiki. A ransa yana ganin kyanwar da ta tsira daga kwata ba amai ne zai kayar da ita ba.

Kashegari da hantsi ta sauko daga buhu tana tangaɗi, sai ya hango wani abu yana reto a ƙarƙashin wutsiyarta. Zaren aiki ne, ruwan zinare, wajen tsawon ɗan yatsa. Har ya ji sanyi a ransa: ashe ga ciwon nan ya fito da kansa. Maganar Baba Pam ko giftawa ba ta yi masa ba. Wani daga cikin masu zaman shagon ya riƙe masa ita, yana cewa, "Ja mana, kai da sana'arka." Ya naɗe bakin zaren a yatsa kamar yadda ya yi sau dubu a wuyan rigunan mutane, ya ja. Zaren ya biyo kamar taƙi ɗaya, ya tsaya. Ya ƙara ja. Kuza ta yi wata ƙara da ta sa mai rake a tsallaken titi ya miƙe tsaye.

A ranar ya rufe shago, abin da bai yi ba ko ranar ɗaurin aurensa. Ya naɗe ta a ragowar yadi, ya biya ya ɗauki Baba Pam, suka tafi. Likitar, wata Dokta Magadaliya, ta buɗe bakin Kuza ta ɗaga harshe, ta ce ya matso ya gani. Ɗaya bakin zaren ne, ya naɗe gindin harshen tam.

"Kai tela ne, ko? To ka san tazuge. Idan ka riƙe baki ɗaya ka ja ɗayan, me wando yake yi?"

"Ya tattare," in ji shi.

"Haka hanjinta ya yi. Zare kuma siriri ne, idan ya ɗame yanka yake. An ja?"

Baba Pam ya kawar da kai yana kallon kalandar bango. Lukuman ya ce, "Ni na ja."

Ba ta yi masa faɗa ba, wanda ya ce da ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta yi aikin, ta sami hanjin ya huje wuri huɗu, ta ɗinke. Kuza ta yi kwana biyu tana fama, ran na uku da azahar ta tafi. Likitar ta ba shi zaren a 'yar leda. Kallo ɗaya ya gane shi: na aikin wuyan wata babbar riga ne, shi da hannunsa ya warware mata shi tana wasa. Shi da Baba Pam suka haƙa rami a gindin gwaibar da Inna Balaraba ta shuka. Rigunan nan arba'in ya gama su duk kafin Sallah, ba wanda ya rasa tasa.

Tun daga nan tsintsiya ta shiga hannunsa. Sau biyu Baba Pam yana kawo masa 'yar kyanwa a kwali, yana mayarwa. Buhun ƙyallayen kuwa yana nan inda yake, ba ya bari a zauna a kai. Duk wanda ya shigo ya ce karensa ko kyanwarsa na amai, sai ya tsayar da keke ya yi masa tambayoyin Baba Pam ɗaya bayan ɗaya, ya ƙare da, "Kai ta yau. Ko me ka gani, kar ka ja."

Makon jiya na same shi a duƙe yana bin wani ɗan zare da ko tururuwa ba za ta yi tuntuɓe da shi ba. Na ce, "Angon aljana, an kusa zuwa duba aiki ne? Ko dai mu nema maka aikin shara a kasuwar Taminus, ka bar wa masu ido ɗinki?"

Bai ɗago ba sai da ya jefa zaren a gwangwani. Sannan ya ce, "Na ji wai rubuta labarina kake yi, Sharafaddeen. Idan ka zo wurin da aka riƙe mini ita ana cewa in ja, kar ka rubuta 'wani'. Ka sa sunanka, ai ka iya rubuta shi."