Ɗan Sarkin da Bai Yi Sallama Ba

Ban taɓa faɗa wa kowa ba: tsohon fim ɗin zanen nan na yara, wanda ɗan sarki ke tafiya da yarinya bisa doki, har yau ina kallonsa a ɓoye.

Jiya Kaka, da ta zo mana daga Barmou, ta leƙo wayata daidai ƙarshensa.

"Wanga yaro, ɗan wa ne?"

"Ɗan sarki ne, Kaka."

"Ya yi sallama? Ya gaida mutanen gidansu?"

"A'a, sonta dai yake."

"Ke ɗiyar ga! Wanda ya ɗauki ɗiyar mutane ba sallama ɓarawo ne, ko dokinai na zinariya ne."

Na yi dariya, amma maganar ta tsaya mini a rai. Akwai wani saurayi mai moto, wato babur, da ke jirana a ƙofar makarantarmu. Kalamansa kamar na littattafan soyayyar da nake karantawa, sai dai kullum yana cewa kar gidanmu su sani. Asabar ɗin nan yana son fita da ni.

Na sake kallon fim ɗin. Ashe ba wanda ya tambayi yarinyar ko ina za a kai ta.

Gobe zan ce wa mai moton ya zo ya gaida Baba. In ya ƙi, ya ja dokinsa ya yi gaba.

'Yan'uwa mata, ku ma fim ɗin nan ya taɓa ruɗinku?