Kiran Da Na Yi Wa Ɗana Yana Kan Sitiyari

Assalamu alaikum. Ni mace ce 'yar Gwandu, karatuna bai wuce na allo da 'yan ajin firamare ba. A lokacin da nake ba ku labari ba ni da aikin da ya wuce girki da kiwon 'yan awakina da hira da maƙwabta ta kan katanga. Fita ba ta dame ni ba, amma Allah ya ba ni kunne. Ɗana na fari direban bas ne, yana jigilar fasinja daga Gwandu zuwa Kalgo, kuma ko motoci nawa suka shigo unguwa ina gane kukan tasa tun ba ta yi kwana ba.

Ɗiyata da ke aure a Kalgo ce ta sayo mini babbar waya. A cikinta na fara ganin bidiyon nan na haɗarin mota, wanda kyamarar da ake maƙalawa a gilashin gaba take ɗauka. Mota na tafiya lafiya lau, kafin ka ƙifta ido ta haɗu da tirela. Na ce ba zan ƙara kallo ba, sai ga ni ina tuƙin tuwo ina leƙawa. Duk farar bas da na gani sai in ga kamar tasa ce. Zama ya gagare ni, in shiga ɗaki in fito, in kwance akuya in sake ɗaure ta. Abin da kawai ke kwantar mini da hankali shi ne in kira shi in ji muryarsa. Kun kuwa san tarbiyyarmu, ɗa ba ya barin kiran uwarsa ya katse, ba ya kuma ajiye waya sai ita ta sallame shi. Ni ce ma na taɓa yi masa faɗa a kan haka, na tambaye shi ko motar ce ta haife shi.

Wata safiya da damina na ga wani bidiyo da ya tsinka mini zuciya, nan take na danna kira. Ya ɗauka ya gaishe ni, na tambaye shi ko yana tuƙi, ya ce a'a ya tsaya. Ni kuwa ina jin iska na kaɗawa, ina jin ƙarar taya a kan kwalta, har da kazar wani fasinja. Na san yana tafiya, amma na ci gaba. Na tambaye shi ko ya karya kumallo, ko ya yi addu'ar hawa mota, na shiga ba shi labarin tirelar da na gani ina ce masa ya bi a hankali. Ban rufe baki ba na ji birki ya yi ƙara, mutane suka ɗauki salati, wani abu ya daku, wayar ta faɗi.

Layin bai katse ba. Ina kiran sunansa ba mai ji na, ni kuwa ina jin komai: kukan wata mata, kukan shanu, ƙofar da ake ta bugu ta ƙi buɗuwa. Na yi ta zagaye tsakar gida ba takalmi, koko na ƙonewa a kan murhu, na kai zaure na dawo, na sake komawa. Can na tsinci muryarsa yana tambaya ko kowa ya fito. Sai a nan na zauna a ƙasa.

Ashe garken shanu ne ya fito ƙetare titi gaba da Kambaza, shi kuma hannu ɗaya a sitiyari, hankalinsa na wurina. Ya kauce ya faɗa kwalbati. Goshinsa ya tsage, wata tsohuwa 'yar Malisa ta karye a hannu. A tasha ya ce shanu ne, bai ambaci waya ba. Da na je duba tsohuwar da 'yar furata, ta ƙare mini kallo ta tambaye ni ko ni ce Innar, don ta ce abin da ta ji na ƙarshe kafin su kife shi ne yaron yana ta faɗin to Inna, to Inna. Ta yi dariya, ta ce ai ta so ta karɓi wayar mu gaisa. Ni dai ban iya ɗaga kai ba.

Bayan nan na sake buɗe bidiyoyin, amma na rufe ido na saurara. Sai na ji abin da ido ya hana ni lura da shi: a da yawansu, kafin karon, direban hira yake yi ko waya ke ƙara. Ranar da ya warware na zaunar da shi gaban babansa, na ce na yafe masa duniya da lahira, in yana tuƙi ko sau nawa na kira kada ya ɗauka. Ya ce shi kunya ba za ta bar shi ba. Na ce to umarni ne.

Har yau hannuna na kaiwa ga wayar, sai in tura ta cikin kwanon gero in rufe. Iyaye mata da matan direbobi, ku ji ni: yaranmu ba za su iya ƙin ɗaukar kiranmu ba, mu ne za mu sauke musu nauyin da bakinmu. Ku yi addu'a ku jira. Ni yanzu bakin zaure nake zama da yamma, sai na ji kukan injinsa ya shigo unguwa sannan nake iya cin abinci.