Muryar Talla a Gaban Kyandir

Ku matso kusa, ku ara mini kunnuwanku, tsohuwa za ta faɗi abin da ta gani. Ni ban yi boko ba, jikata ce ke rubutawa.

Wata Asabar ce cikin azumin kafin Ista, ban kai shekara goma ba, na ajiye farantin ƙosai a bakin cocinmu na Katolika a Sabon Gari, na shiga koyon waƙar Mas, wato babbar addu'armu ta coci. Mai koya mana, Malam Benedit, Ibo ne, kafinta. Ya kafa kyandir a kan benci ya kunna. Kowane yaro sai ya durƙusa gaban kyandirin, ya ja baiti guda da numfashi ɗaya, ba tare da wutar ta kaɗa ba. To ni muryar talla gare ni, wadda nake cika layin Fagge da ita. Ina buɗe baki wutar ta mutu. Yara suka bushe da dariya. Malam ya ce, "Maryamu, Allah ba kurma ba ne. Ba ƙosai za ki sayar masa ba."

Marainiya ce ni, a hannun goggona nake, mu kaɗai ne Kirista a gidan hayar. Maƙwabta ba su taɓa cutar da mu ba, amma in yara suka tafi makarantar allo sai tsakar gida ta zama tawa ni da turmi. In surfa wake, in kai niƙa, in ɗebo ruwa, in kankare kasko. Carafke ma ni kaɗai nake yi. Duk duniya ƙawata ɗaya, Ngozi, 'yar wani mai gyaran keke, wadda ke rage mini wuri a benci.

Waƙar kuwa gefe biyu ce, yaro ɗaya ya ɗauko baiti, ɗaya ya amsa. An ba Ngozi ɗaukowa ranar Ista. Malam ya ce wanda wuta ta tsaya masa shi zai amsa mata. Ban taɓa son wani abu kamar wannan ba. Kullum bayan talla sai in rufe ɗaki, in kunna aci-balbal, in riƙa sakin numfashi daga ciki a hankali, ina do, re, mi, har goggo ta ce zan ƙarar mata da mai.

Asabar ta ƙarshe wutar ta tsaya cak. Malam ya ce, "Yauwa, 'yata." Na waiga in ga fuskar Ngozi, ba ta nan. Ashe kakarta ce ta rasu, ubanta ya kwashe su sun koma gabas, ba sallama. Ranar Ista Malam da kansa ya ɗauko baitin da muryar nan tasa ta tsufa, ni na amsa. Ban yi kuskure ba. Da aka tashi na koma Fagge ni kaɗai.

Bayan shekaru goggo ta rasu a ɗakin nan namu. Malam ya makance, 'ya'yansa suka mai da shi garinsu, can aka binne shi. Ngozi kuwa har yau ban ji labarinta ba. Yanzu jikokina da lasifika suke waƙa, da ganga da jita, coci ya cika maƙil, kuma suna da daɗin ji. Ni dai ina benci na baya, bakina na motsi. Har yanzu amsawa kawai na iya.